Jagora ga Ɗalibin Makarantar Kirista: Yadda Za Ka Samu Ilimi Ba Tare da Ranka Ya Bushe Ba

Duk shekara, da zarar makarantu sun fara fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka, tambaya iri ɗaya ce ke biyo ni daga matasa da iyaye, har da dattawan ikilisiya: "Baba Pasto, ga yaronmu ya samu shiga. Me zai yi don kada ya dawo mana da kai cike, zuciya fanko?" Wasu makarantun tauhidi za su, irin su TCNN ta Bukuru, wasu JETS a Jos, wasu Kagoro ko Gindiri, wasu Kulp a Kwarhi ko Bronnum a Mbamba kusa da Yola. Wasu kuma ba aikin fasto za su koya ba, likitanci ko lauya za su karanta a Jami'ar Bingham ta Karu. Amsar da na saba bayarwa baki da baki ce na zauna na rubuta. In na ce "ka", da ke ma nake, 'yar'uwa.

Makaranta ta tanadi malamai da jarrabawa domin ƙwaƙwalwarka, amma babu wanda aka ɗauka aiki don ya duba ko ka yi addu'a daren jiya. Wannan ɓangaren a hannunka yake, kuma yana buƙatar tsari kamar yadda karatu ke buƙata. Ezra 7:10 ya jera abin daki-daki: Ezra ya sa zuciyarsa ga nazarin Shari'ar Ubangiji, da aikata ta, sannan koyar da ita. Ɗalibai da yawa na ƙarshe da na farko suke riƙewa, su tsallake na tsakiya. Matakan nan duk a kan na tsakiyar suke.

1. Kafin ka ɗaure kaya

Zauna da faston ikilisiyarku, zama na gaske, ban da gaisuwar bakin ƙofar coci. Makarantun tauhidi sukan nemi takardar shaida daga ikilisiya, kuma da yawa suna karɓarta kamar takardar asibiti, a sa hannu a wuce. Kai ka roƙe shi ya faɗa maka halaye biyu da yake ganin za su iya kayar da kai. Rubuta su a shafin farko na littafin da zan yi maganarsa nan gaba.

Sannan ka yi lissafi a takarda, yadda Yesu ya ce mai gina hasumiya ya fara zama ya ƙidaya abin da zai kashe (Luka 14:28). Kuɗin makaranta kaɗai mutane ke tambaya, alhali abin da ke cinye ɗalibi shi ne kuɗin masauki, abinci, littattafai da hoton takardu, data, kuɗin motar zuwa hidimar ƙarshen mako, magani, da na buga kundin bincike a shekarar ƙarshe. Kira ofishin makarantar da kanka ka ji kuɗin bana, domin na bara ya riga ya zama labari. In LCC ko DCC (majalisar ikilisiya ta yanki ko ta gunduma) ce za ta ɗauki nauyinka, a rubuta abin da za su biya, da lokacin da za su biya, da abin da suke sa rai daga gare ka bayan ka gama. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, gara ka san askin tun yanzu.

Kayan da ba a cika tunawa da su ba: Littafi Mai Tsarki guda biyu, littafin rubutu mai kauri guda ɗaya, tocila mai caji, ƙaramin agogo mai ƙararrawa wanda ba na waya ba. In Filato za ka, haɗa da bargo da rigar sanyi mai kauri. Hunturun Bukuru da asuba a watan Disamba da Janairu ya hana mutane da yawa addu'ar safe fiye da yadda shakka ta hana su.

Hattara: kada ka tafi makarantar Littafi Mai Tsarki don kawai ba ka samu gurbi a wani wuri ba, sannan ka riƙa gaya wa mutane kira ne. In ba ka tabbatar da kiranka ba, faɗi hakan ga fastonka. Wanda ya shiga da tambaya ta gaskiya yakan samu amsa a hanya. Wanda ya shiga da ƙarya kuwa shekara huɗu zai yi yana kare ta.

2. Makonni biyu na farko: kafa lokacinka

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da ka saba yi a makonni biyun farko shi zai bi ka har ka gama. Ranar da aka ba ka jadawalin darussa, kafin ka rubuta komai a kansa, fitar da minti talatin na kai da Ubangiji, ka zaɓi wuri. Ɗakin kwana mai mutum huɗu ko shida ba ya yin wannan aiki, ga mai neman bokiti, ga mai kunna waƙa. Zaga makarantar ka nemi aji da babu kowa da asuba, ko benci na baya a ɗakin sujada, ko gindin wata bishiya. Markus 1:35 ya nuna Yesu ma tashi yake yi tun da sauran duhu ya fita zuwa inda ba kowa.

Ka tsara daga dare. Wanda zai tashi ƙarfe biyar sai ya kwanta kafin sha ɗaya. Ɗebo ruwan wanka tun da yamma don kada layin famfo ya cinye maka lokacin. Waya ta kwana cikin jaka, shi ya sa na ce ka zo da agogo. In wayar ce ke tashinka, WhatsApp za ka fara gaisarwa.

Karanta littafin dokokin makaranta gaba ɗaya a makon farko. Dokar sutura, lokacin rufe ƙofa, halartar sujada, izinin fita. In akwai dokar da ba ka yarda da ita ba, bi ta tukuna, ka kai ƙorafi ta hanyar da aka tanada.

Hattara: sujadar safe ta makaranta ba ta maye gurbin lokacinka. Inda ake ɗaukar sunayen masu halarta, abu ne mai sauƙi jiki ya zauna a benci zuciya tana kan jarrabawar ƙarfe takwas. Shiga minti biyar kafin a fara, zauna a gaba, ka rubuta abu ɗaya da ka ji.

3. Raba karatun aji da karatun rai

A nan mafi yawan ɗalibai ke faɗuwa, kuma faɗuwa ce marar ƙara. Ni ma a nan na faɗi. A shekarata ta biyu na samu maki mafi kyau a aikin fassarar wani nassi daga Romawa. Da daddare ina riƙe da takardar ina murna, sai na yi ƙoƙarin tuna ranar ƙarshe da na buɗe Littafin ba don wani malami ya sa ni ba. Na ƙirga baya har mako bakwai ban samu ba. Kullum Littafin yana hannuna, amma ya zama kamar buhun hatsi a kan ɗan dako, yana ɗauke da shi, cikinsa kuwa babu komai. Na tsorata a daren nan, kuma abin da na koya daga baya shi nake ba ka.

Na farko, Littafi biyu. Ɗaya na aji, ka ja masa layi, ka cika gefensa da bayanan malamai. Ɗayan na ibada, kuma shawarata ya kasance cikin harshen da kake addu'a da shi idan ka shiga matsala. Ga yawancinmu Hausa ce, ko harshen gida in an fassara. Turanci harshen jarrabawa ne a wurinmu, kuma zuciya ta san bambancin. Akwai fassarar Hausa a manhajar YouVersion, tana da amfani a tafiya, amma da asuba riƙe na takarda.

Na biyu, tsarin karatu. Littafi Mai Tsarki sura 1,189 ne, 929 a Tsohon Alkawari, 260 a Sabon Alkawari. In ka karanta sura uku kowace rana, biyar ranar Lahadi, za ka sauke shi cikin shekara ɗaya. Abin kunya ne mutum ya karɓi digirin tauhidi bai taɓa karanta Littafin daga Farawa zuwa ƙarshe ba, kuma hakan na faruwa. Amma kada ka fara da wannan a zangon farko in ba ka saba ba. Fara da Markus, sura 16 ce, rabin sura a rana, ka haɗa da Zabura ɗaya. In ka riƙe wannan wata guda ba fashi, sai ka ƙara. Karin Magana sura 31 ce, tana tafiya daidai da kwanakin wata. Littattafan ibada irin su Abincin Yini na ECWA suna taimakawa, sai dai su ɗanɗano ne, tuwon shi ne nassin kansa.

Na uku, yadda za ka raba minti talatin ɗin. Minti biyu ka yi shiru. Minti goma sha biyu karatu, a hankali, da murya ƙasa-ƙasa in wurin ya ba da dama. Minti shida ka rubuta amsar tambayoyi biyu a littafinka mai kauri: me wannan nassi ya nuna mini game da Allah, kuma me zan yi ko zan bari yau saboda shi? Amsar ta biyu ta zama abin da ake iya gani. "Zan ƙara ƙauna" ba amsa ba ce. "Zan mayar wa abokin ɗakina kuɗin da na ara, in ba shi haƙuri kan jinkirin" amsa ce. Sauran minti goman addu'a, ka ambaci mutane da sunayensu.

Hattara: ranar da ka ji kana cewa "wannan aya za ta yi daɗin wa'azi" alhali lokacin ibadarka ne, tsaya. Rubuta tunanin a bayan littafin ka ajiye, ka koma ka tambayi abin da ayar ke ce maka kai. Mai dafa wa jama'a ma yana bukatar ya zauna ya ci.

Hattara ta biyu: in ka yi fashin kwana uku, kada ka ce sai ka rama surorin duka kafin ka ci gaba. Haka mutane ke bari gaba ɗaya. Ɗauka daga inda ka tsaya.

Kada kuma ka juya abin ka raina aji da sunan ruhaniya. Akwai ɗaliban da ke kwana a dutse suna addu'a su zo aji suna gyangyaɗi, su ce harafi yana kashewa, Ruhu ne ke rayarwa. Wannan lalaci ne aka sa masa rigar ibada. Helenanci haruffa 24 ne, Ibrananci 22, ana rubuta shi daga dama zuwa hagu kamar ajami, kuma minti ashirin kowace rana ya fi awa biyar a daren jarrabawa. Yi ƙaramar addu'a kafin ka buɗe littafin aji. Aikin da ka yi da kyau shi ma sujada ne.

4. Nemi babba ɗaya da abokai biyu

Kafin zangon farko ya ƙare, ka samu mutum ɗaya da ya girme ka a bangaskiya wanda zai riƙa tambayarka abin da ba wanda ke tambaya. Kada ka zaɓi malamin da ya fi suna. Duba wanda ke gaida masu shara, wanda matarsa da 'ya'yansa ke sakin jiki a gabansa. Yana iya zama malami, ko limamin makaranta, ko wani tsohon mai bishara a garin. 'Yar'uwa ta nemi mace, matar malami ko wata uwa a Zumuntar Mata.

Je ka da roƙo ƙayyadadde. Ni cewa na yi, "Baba, alfarma nake nema. Ko za ka ba ni rabin awa sau biyu a wata, ka tambaye ni yadda rayuwata take?" Ya dube ni ya ce, "Ɗana, in na tambaye ka, gaskiya za ka faɗa mini?" Na ce i. Ya ce to in zo Alhamis bayan azahar. Yana ɓarar gyaɗa a tire muna magana, kuma tambayoyinsa ba sa canzawa: addu'a, kuɗi, mata, fushi. Rana ɗaya na kauce wa ta biyu, ya ajiye tiren ya yi shiru har sai da na faɗa.

Abokai biyu kuma tsaranka ne, ku haɗu sau ɗaya a mako, ku faɗa wa juna inda kuka yi tuntuɓe, ku yi wa juna addu'a kamar yadda Yakubu 5:16 ya ce. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, don haka duba su da kyau kafin ka buɗe ciki.

Wasunmu kuma da rauni suke zuwa makaranta. Akwai waɗanda aka ƙone garinsu, akwai waɗanda suka binne 'yan'uwa. A Oktoban 2014 hedkwatar EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) da makarantar Kulp a Kwarhi su kansu sai da mutane suka gudu suka bar su. In kana firgita cikin barci, ko fushi na taso maka ba dalili, ko ka kasa yafewa, kada ka lulluɓe shi da ayoyi. Faɗa wa babban naka, ka nemi mai ba da shawara da ya koyi aikin warkar da raunin zuciya.

Hattara: namiji da mace su biyu kaɗai ba sa zama abokan addu'ar sirri, kome tsarkin niyya. Abin da aka faɗa a zaman ku ukun kuma a nan yake mutuwa, kada ya fito a matsayin "roƙon addu'a" a wani wuri.

5. Idan aji ya girgiza ka

Rana za ta zo da malami zai faɗi abin da ba ka taɓa ji a makarantar Lahadi ba. Za ka ji cewa Markus 16:9-20 da labarin matar da aka kama da zina a Yahaya 7:53 zuwa 8:11 ba sa cikin wasu tsofaffin kwafe na Helenanci. Za ka ji muhawarar masana kan yadda littattafan Musa biyar suka haɗu. Wasu ɗalibai sukan toshe kunne su ce malamin ya ɓata, wasu kuma su haɗiye komai su koma gida suna raina iyayensu. Duka biyun gaggawa ce.

Ga abin yi. Rubuta tambayar a jimla ɗaya. Kai ta wurin malamin a ofis, ka tambaye shi yadda shi ya riƙe bangaskiyarsa da wannan sani. Je laburare ka karanta marubuta biyu da suka saɓa wa juna. Ba wa tambayar zango guda kafin ka yanke hukunci. Ka kuma ci gaba da addu'a a tsakiyar shakkar, domin Zabura cike take da masu tambayar Allah "don me" ba tare da sun sake shi ba.

Hattara: abin da bai nuna a cikinka ba, kada ka kai shi bagadi ko Facebook. Ɗanyen ilimi yana ɓata cikin ikilisiya.

6. Kuɗi da gaskiya

Ranar da kuɗi suka shigo, raba su a ranar. A ce an turo maka naira dubu ashirin: fitar da zakka da baiko, ware na abinci har zuwa turowa ta gaba, ware na motar hidima, ajiye ko dubu ɗaya ce don rashin lafiya, abin da ya rage shi ne na data da sauransu. Ku haɗa tukunya ku uku ko huɗu, ku sayi masara da wake da kwano ranar kasuwa, ya fi sayen abinci a faranti araha nesa. In makarantar tana ba da fili, yi noma. In kana da sana'a, aski ko ɗinki ko gyaran waya, riƙe ta. Bulus ma ɗinkin tanti ya yi.

Rubuta kowane bashi, ko na sabulu ne a shagon bakin ƙofa, ka biya kafin ka tafi hutu. Masu shaguna a kewayen makarantun Littafi Mai Tsarki sun san halin fastocin gobe fiye da malamansu. Duk ƙarshen zango ka aika wa masu ɗaukar nauyinka sakamakonka da bayanin yadda ka kashe kuɗinsu, ko ba su tambaya ba.

Hattara: satar amsa, kwafo aikin wani daga intanet, sa manhaja ta rubuta maka aiki ka miƙa da sunanka, sa wa aboki hannu a takardar halarta, duk ƙarya ce. Wanda ya saci aikin aji zai saci wa'azi, wanda ya saci wa'azi kuma hannunsa ba zai yi nauyi a kan asusun ikilisiya ba. In lokaci ya ƙure maka, je ka gaya wa malami gaskiya ka karɓi ragin maki.

7. Hidimar ƙarshen mako

Makarantun tauhidi sukan tura ɗalibai ikilisiyoyin kewaye. In taka ba ta turawa, ko jami'a kake, nemi ikilisiya ɗaya da kanka ka zauna a cikinta, ka kuma shiga zumuncin ɗalibai irin su FCS ko NIFES in akwai. Yawon coci-coci kowace Lahadi ba ya gina kowa.

Da ka isa, fara gaida faston wurin da dattawa, ka tambayi inda suke bukatar hannu. Kada ka nemi bagadi. Karɓi ajin yara, ko ajin baftisma, ko fita bishara da 'yan ƙungiyar Sabon Rai, ko jera benci. Wanda ya iya bayyana alheri ga yaro ɗan shekara takwas ya fahimce shi. Riƙe aiki ɗaya shekara guda cur, ka san sunayen mutanen.

Wata Lahadi a wani ƙauye na yi wa'azin da na kwana uku ina shiryawa, har da kalmomin Helenanci. Bayan an tashi, wata tsohuwa ta jira har kowa ya gama gaisawa, ta kamo hannuna da hannayenta biyu ta ce, "Malam, mun gode da Magana. Jikana na kwance kwana huɗu, ko za ka taka ka yi masa addu'a?" Na bi ta ta cikin gonar dawa zuwa wani ɗaki mai duhu. Yaron na kan tabarma, jikinsa zafi kamar garwashi. Na durƙusa, na rasa abin faɗa, na yi addu'a mafi gajarta da na taɓa yi, sannan muka nemo mai babur aka kai shi asibitin sha-ka-tafi. A hanyar komawa makaranta na gane cewa rabin aikin da aka kira ni in yi ba a aji ake koyonsa ba. Tun daga ranar, duk Lahadi sai na shiga gida biyu kafin in hau mota. Kai ma ka sa wannan a tsarinka.

In an ba ka wa'azi, shirya shi cikin harshen da za ka yi shi. Wa'azin da aka rubuta da Turanci ana juya shi a tsaye a bagadi yana fita a karkace. Bayan sujada ka tambayi dattijo ɗaya abin da ya ji, ka kwatanta da abin da ka yi nufi.

Hattara: kada ka gyara faston wurin a gaban jama'a, ko da ka tabbata ya yi kuskure. Mai yiwuwa satifiket kaɗai gare shi, amma ya binne matattunsu, ya ɗaura aurensu shekara ashirin. Bulus ya ce ilimi yana kumbura mutum, ƙauna ce ke ginawa (1 Korintiyawa 8:1). Sannan ka kula da hanya: tambayi mutanen wurin halin tsaro kafin ka tashi, sanar da makaranta inda kake, kada dare ya same ka a hanyar da ba ka sani ba.

8. Zaman ɗaki, ƙabila da ɗarika

Zo mu zauna, zo mu saɓa. A makaranta irin TCNN, inda ikilisiyoyin TEKAN (Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya) suka haɗu, ɗan LCCN, wato ikilisiyar Lutheran, da aka yi wa baftisma yana jariri zai iya kwana ɗaki ɗaya da ɗan EYN da aka nutsar sau uku, wanda kuma ya saba da wanke ƙafafu a jibin ƙauna. Tambaye shi dalilinsu kafin ka kawo naka. Sau ɗaya a mako ka ci abinci da wanda ba yarenku ɗaya ba, kuma in akwai wanda ba ya jin yarenku a wurin, ku koma harshen da kowa ke ji. In wani ya ɓata maka, bi tsarin Matiyu 18:15, kai da shi tukuna, kafin rana ta faɗi in zai yiwu.

Hattara: zaɓen shugabannin ɗalibai shi ne wurin da ƙabilanci ke fara koyon tafiya. Wanda ya nemi ƙuri'arka da sunan "namu ne", haka zai yi a zaɓen DCC nan da shekara goma sha biyar.

9. Iyali da neman aure

In da iyali ka zo, sa su cikin jadawalin da alƙalami: cin abincin dare tare, addu'ar gida ko ta minti goma ce, da yamma ɗaya a mako da ba ka taɓa littafi. In akwai makarantar mata, matarka ta shiga, kai kuma ka riƙe yara a lokacin. Kada ka yi gaba da ilimi ka bar ta a baya, sannan ka dawo kana jin kunyar yadda take magana. 1 Timoti 3:4-5 ya sa riƙon gida cikin sharuɗɗan riƙon ikilisiya. In a gida ka bar su, tsayar da ranakun kira, kuma kuɗin cefane ya riga kuɗin littafi fita.

In ba ka yi aure ba, ka bar maganar a shekarar farko. In ta taso daga baya, babban naka da fastonka su sani tun da wuri.

Hattara: "Ubangiji ya nuna mini ke ce" ba hanyar neman aure ba ce, matsi ne da sunan Allah. 'Yar'uwa, kina da 'yancin cewa a'a. In kuma wani mai iko a kanki, malami ne ko shugaba, ya neme ki da abin da bai dace ba, ajiye saƙonnin, ki gaya wa uwar da kika zaɓa, ku kai maganar hukumar makaranta tare.

10. Ƙarshen zango da hutu

Bayan jarrabawar ƙarshe, kafin ka shiga tasha, ware rabin yini kai kaɗai, da azumi in lafiyarka ta yarda. Buɗe littafinka mai kauri daga shafin farko, inda ka rubuta halaye biyun da fastonka ya faɗa. Karanta duk abin da ka ce za ka yi a zangon, ka sa alama a kan waɗanda ka yi. Tambayi abokin ɗakinka abu ɗaya da ya ga ya canza a halinka da ɗaya da bai canza ba, kada ka kare kanka, rubuta kawai. Zaɓi hali ɗaya tak da za ka yi aiki a kansa zango mai zuwa, ka kai wa babban naka kafin ka tafi.

A gida, washegarin isowarka ka je ka gaida fasto, ka ce ya ba ka aiki. Ka shiga gona da 'yan gidanku, ka ɗebo ruwa, ka zauna inda ka saba zama a coci.

Hattara: hutu ne ke karya tsarin asuba, domin babu ƙararrawar makaranta, ga baƙi, ga hira har tsakar dare. Tun a mota ka yanke shawarar wurin da za ka riƙa zama a gida da ƙarfe nawa, ka kuma yi alkawari da abokan nan biyu cewa kowace Asabar da yamma ɗayanku zai kira sauran ya tambayi surar da suka kai.